Hancin Kawu Nomau

Tuwon daren nan ya kama. Ƙauri ya cika gidan har zaure, kowa ya yi loma biyu ya ture kwano. Kawu Nomau kaɗai ya cinye nasa tas, ya suɗe hannu, ya sa wa mai tuƙi albarka.

Bayan isha'i, da aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Hajo ta kasa haƙuri.

"Yaya Saude, wai shi Kawu ba ya jin ƙauri ne?"

"Ba ya ji."

"Mai sayar da turare guda?" in ji Dije, tana ƙunshe dariya.

Saude ba ta yi dariya ba. Ita ce babba a jikokin gidan, ita ce kuma mai labari in dare ya yi. Ta dubi ƙofar ɗakin Kawu, ta ga an sauke labule. Ta rage fitila.

"Ku matso. Ku yi bisimilla tukuna. Wannan ba tatsuniya ba ce. Inna Kulu, matar Kawu, ita ta ba ni da bakinta ranar da nake mata tsifa. Kuma duk wadda ta tofar da yawu kafin in gama, na fasa."

Suka matso har gwiwoyinsu na gugar juna.

A wancan lokacin Kawu Nomau saurayi ne, yana da teburin turare a kasuwar Yawuri. Allah ya ba shi hanci. In mace ta wuce ta bayansa, ba sai ya waiwaya ba, zai gaya maka turaren da ta shafa, da sabulun da ta yi wanka da shi, da ko ta soya albasa da safe. Amma hancin nan ya sa masa ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a moɗar kowa. Ba ya bi ta layin mahauta. Layin masu kifi kuwa, gara ya zagaye kasuwar gaba ɗaya. Kullum da hankici a aljihu, kullum yana tofar da yawu kamar mai ƙaramin ciki.

Sai ga Kulu.

'Yar masunta ce daga Gungun Ɗorawa, wani tsibiri a tsakiyar ruwa. Duk ranar kasuwa takan kawo bandar kifi. Wata rana ta tsaya a gaban teburinsa, ta ɗauki wata 'yar kwalba da ya haɗa da hannunsa, ta buɗe, ta sansana.

"Almiski ya yi yawa," ta ce. "Ya danne wardin. Kuma ka sa kanumfari kana ɓoyewa."

Babu wanda ya taɓa gane kanumfarin nan. Nomau ya ɗaga kai. Hayaƙin banda ke tashi daga mayafinta, da ɗan ƙarni a ƙarƙashinsa. Hannunsa ya nufi aljihu neman hankici. Ta dube shi, ta dubi hannun. Hannun ya tsaya.

Wata bakwai tana tsayawa a teburin nan. Ba ta taɓa sayen komai ba, shi kuma bai taɓa tambayarta dalili ba. A ransa ya gama shiri: in ya aure ta zai raba ta da kifi har abada, ya wanke ta da turare. Wannan bai faɗa mata ba.

Da bazara ta shigo, ta ce mahaifinta, Malam Arzika, ya yarda ya zo gaisuwa. Ranar Laraba, kafin magariba. Baffanninta za su taru, har da kakarta. In bai zo ba, ba za a sake tara masa mutane ba, don tun farko ba su so ɗan gari ba.

"Ruwa ya ja baya," ta ce. "Ba sai ka shiga jirgi ba. Daga tasha zuwa gungunmu hanya ta buɗe, da ƙafa ake zuwa. Tafiya ce mai sauƙi, tsofaffi ma suna yi. In ka tashi bayan la'asar, kafin rana ta yi ja ka iso."

"To me ya rage?"

"Ka jira matan garinmu a tasha, ku taho tare. Kada ka biyo kai kaɗai." Ta rage murya. "Kuma Nomau, don Allah. A kan hanyar nan ba a tofar da yawu. Duk abin da ka shaƙa, ka haɗiye."

Ya yi dariya. "Dokar wace ƙasa ce wannan?"

"Ba ƙasarmu ba ce. Wata tara a shekara gidan wasu ne. Aro suke ba mu mu wuce."

Ya sake dariya. Ita ba ta yi ba.

Ranar Laraba ya sa farar shadda, ya sa sabon takalmi. A aljihun gaba ya jefa wata 'yar kwalba da ya yi kwana arba'in yana haɗa wa Kulu. Ya yi la'asar a masallacin bakin kasuwa, ya gangara tashar jiragen ruwa.

Tun daga nesa tashar ta tare shi da wari. Kwale-kwale a kife cikin laka. Man inji ya yi bakan gizo a kan kududdufi. Mata a tsugunne suna farke cikin kifi, suna watsar da hanjin a gefe, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Wani kare yana jan wani abu mai tsawo. Nomau ya manna hankici a hanci.

Wata mai ƙiba ta ɗago da wuƙa a hannu. "A'a, jama'a, ga ango! Irin wannan fari haka, sai ka ce za a kai shi makwanci. Jira mu, ɗan gari, saura kwando biyu mu tashi."

Sauran suka bushe da dariya.

Nomau ya dubi kwandunan. Ya dubi ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashinsu. Ya ga kansa yana tafe a bayan matan nan har gungu, iska na kwaso ƙarninsu tana shafa wa shaddarsa. Da me zai shiga gaban surukai?

Ga hanyar nan kuma a miƙe, fara sol, kamar an ja layi da alli daga tasha zuwa tsibirin. Har bishiyoyin ɗorawar yana hange.

Ya sa kai.

"Kai, ɗan gari! Ka haɗiye yawunka!" mai ƙibar ta ƙwala masa. Aka sake dariya. Wata tsohuwa a cikinsu ba ta yi ba. Ta ajiye wuƙarta, ta bi shi da ido.

Da farko tafiyar daɗi gare ta. Laka ta bushe ta tsattsage kamar fasasshiyar tukunya. Ruwa a dama, ruwa a hagu, yana ƙyalli. Balbelu na tafiya a bakin ruwan suna ɗaga ƙafa kamar ba sa son su jiƙe. Iska mai sanyi ta wanke masa warin tasha. Ya mai da hankici aljihu. Ya fara bitar gaisuwar da zai yi wa Malam Arzika. Ya ce a ransa, ashe abin da ake ta tsoratar da mutum ke nan.

Ya yi rabi sai hanyar ta ɗan gangara.

A gangaren akwai wani kwari. Da ruwa zai ja baya ya bar kifi a ciki, rana kuma ta shanye kwarin. 'Yan gungu ba sa taɓa irin wannan kifin, sun ce rabon masu gidan ne. Tarwaɗa ce, ta fi ɗari. Sun kumbura, cikinsu ya yi fari, wasu sun fashe. Tsutsa na motsi a cikinsu, ana jin ƙararta ƙasa-ƙasa kamar mai na soyuwa a ɗaki na uku. Kuma hanyar ta bakin kwarin ta bi, babu wata.

Yawu ya cika wa Nomau baki.

Ya tuna da Kulu. Ya haɗiye.

Ya ƙara taku biyar, bakin ya sake cika. Ya haɗiye.

Sai wani koren ƙuda ya tashi daga idon kifi, ya zo ya sauka a kan leɓensa.

Ya tofar.

Ƙudajen suka yi tsit. Gaba ɗaya, lokaci guda. Iska ta tsaya. Ya dubi ƙasa, ya ga busasshiyar lakar ta zuƙe yawun da wani ɗan sauti, kamar jariri ya kama nono.

"Sannu da hanya, ɗan samari."

Wata tsohuwa ce zaune a bakin kwarin, a inda ɗazu babu kowa. A gefenta wani babban kwando an rufe shi da ganyen bado. Zanenta sharkaf yake, yana ɗiga, alhali rana na dukan ƙasa. Muryarta kamar ta wanda ya tura kai cikin randa yana magana.

"Yawwa, sannu Iya."

"Ka yar da abu."

Ya shafa aljihu. Kwalba na nan. "Ban yar da komai ba, Iya."

Ta nuna masa da baki. Inda yawun ya sauka.

"Nan muke cin abinci," ta ce. "Nan jikokina ke rarrafe."

A lokacin ya dubi ƙafafunta. Yatsun a haɗe suke da wata siririyar fata, irin ta agwagwa. Matsattsaku sun yi layi a idon sawunta, sun ƙoshi, kowanne kamar dabino. Ɗaya ya saki ya faɗi. Ta sunkuya, ta ɗauke shi a hankali, ta mayar da shi wurinsa.

Nomau ya nemi addu'a a bakinsa. Harshen ya yi nauyi kamar an jiƙa tsumma.

"Ki yi haƙuri, Iya. Ni baƙo ne."

"Na sani. 'Yan gungu ba sa haka. Baƙon wa?"

Ya buɗe baki. Sunan Kulu ya zo har bakin haƙoransa.

"Mu ba ma kama baƙo," ta ci gaba, a hankali. "Wanda ya gayyato shi bai koya masa ba, shi muke nema. Amma ba ma shiga gida sai an ba mu suna. Faɗi, ka wuce da farar rigarka. Ni zan je in gaishe ta."

In gaishe ta. Bai ce mata mace ce ba.

Ya tuna abin da Kulu ta taɓa gaya masa, cewa kullum da asuba takan shiga ruwa har gwiwa ta wanke kifi, ita kaɗai, don ta fi son ruwa kafin mutane su dama shi.

Ya rufe bakinsa.

"Ta koya mini," ya ce daga baya. "Ni ne ban ji ba."

Tsohuwar ta yi dariya. Ba ta buɗe baki ba, a maƙogwaro dariyar ta yi ta ɓulɓula.

"To ɗauki kayana. Ka kai mini gindin ɗorawar farko. Ba ka saukewa. Ba ka toshe hanci. Ba ka tofarwa. In ka yi ɗaya, ka ba ni sunan."

Babu gammo. Nomau ya cire hula ya cusa a aljihu, ya naɗe hankicinsa ya ɗora a ka. Ya tsugunna. Ba ta taɓa kwandon ba, amma ya ji an ɗora masa.

Nauyi kamar an cika shi da jiƙaƙƙen yashi. Ya miƙe da ƙyar. Taku uku, hankicin ya jiƙe. Taku goma, abin ya fara gangarowa.

Da ɗumi yake. Wannan ne ya fi ɗaga masa hankali. Ya bi ta cikin gashinsa, ya sauko goshi, ya tsaya a gira, ya ɗigo a kan hanci. Wani layin ya bi ta bayan kunne ya shiga wuyan riga. Wani ya zo gefen baki ya tsaya yana jira.

Da wani ne, wari ɗaya zai ji. Nomau kuwa hancinsa ya shiga aikin da ya saba, yana rarrabewa. Ga kifin kwana uku. Ga na mako guda. Ga laka ta ƙasan ruwa da ba ta taɓa ganin rana ba. Can ƙarƙashi kuma ga wani abu da ba kifi ba ne, abu mai gashi, wanda ya daɗe a ruwa. Ya so hancin ya yi shiru. Hancin ya ƙi.

Ya haɗiye.

Wani abu ƙarami ya faɗo masa a wuya. Mai laushi. Ya fara tafiya a gadon bayansa. Na biyu ya biyo shi. Hannayensa biyu na riƙe da kwando, babu na kaɗewa.

Ya haɗiye.

Tana biye da shi. Ƙasar busasshiya ce, amma tafiyarta caɓal, caɓal, kamar mai taka taɓo. Wani lokaci siririn ruwa yakan gangaro daga baya, ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ya riga shi gaba. Sabon takalmin ya fara cewa cakwal. Da ya saci kallon gefe sai ya ga hanyar ta rage faɗi. Ruwan dama da na hagu sun matso.

"Kyakkyawa ce?" in ji muryar.

Ya ci gaba da tafiya.

"Na san 'yan matan gungu duka. Ƙafafunsu nake gani ta ƙasa. Akwai mai tabo a diddige. Akwai mai zobe a ɗan yatsa. Akwai mai zuwa da asuba tana 'yar waƙa."

Ya cije leɓe. Abin da ke gefen bakinsa ya samu hanya ya shiga. Gishiri-gishiri, da ɗan zaƙi.

Ya haɗiye wannan ma.

"Ko sunan ubanta ka ba ni, ya isa."

"Iya," ya ce ta tsakanin haƙora, "kayanki nake ɗauke da shi."

Rana ta fara ja. Farar shaddar ta koma kalar ruwan wanke-wanke, ta manne masa a jiki. Ƙudajen da suka yi shiru ɗazu sun dawo, a kansa suka taru. Bai ƙara ganin balbela ko ɗaya ba.

Sannan ya hango gungun sosai. Rufin ɗakuna. Taru a shanye a kan sanduna. Hayaƙin banda na tashi a miƙe. A gindin ɗorawar farko kuma wata na tsaye da shuɗin mayafi, ta sa hannu a goshi tana duban hanya.

Saura kaɗan ya ƙwala mata kira. Sunan ya taso tare da abin da ke cikinsa. Ya danne su duka biyun. Amai ya zo maƙogwaro, ya mayar. Ya sake zuwa, da ƙarfi, har ta hanci. Bai fi taku ɗari ya rage ba, amma ya san cikinsa. Goma ma ba zai kai ba.

"Ba za ka kai ba," in ji muryar, yanzu a daidai kunnensa. Numfashinta sanyi ƙalau. "Ba ƙafarka ce ta gaza ba. Wannan ne."

Wani jiƙaƙƙen yatsa ya zagayo ta baya, ya ɗan taɓa masa karan hanci.

"Abu mai kyau. Mu a ƙasan ruwa ba mu da irinsa. Jikokina ba su san yadda duniyarku take ba. Ba ni shi, ka ƙarasa tafiyarka cikin sauƙi. Ko ka riƙe abinka ka ba ni sunan. Duk wanda ka zaɓa, na karɓa."

Nomau ya tsaya. Ya tuna teburinsa, da kwalabe a jere. Sana'ar ke nan, ba shi da wata. Ya tuna ƙamshin ruwan farko a kan ƙasa. Ya tuna ɗakin mahaifiyarsa da turaren wuta ranar Juma'a.

Ya dubi shuɗin mayafin.

Sai ya ja numfashi mai tsawo, da gangan, ta cikin duk wannan ruɓar, yana nema. Ya samu. Iska ta kawo wani siririn zare daga gungun, hayaƙin banda, irin wanda ke mayafinta ranar da ta fara tsayawa a teburinsa. Ya riƙe shi.

"Ɗauki," ya ce.

Yatsan ya danna. Sanyi ya shiga har tsakiyar kansa.

Shi ke nan. Kifin kwana uku ya tafi. Na mako ya tafi. Lakar ta tafi, da abin nan mai gashi. Cikinsa ya kwanta. Ya taka sauran hanyar kamar auduga ya ɗauko. A gindin ɗorawa ya tsugunna ya sauke.

Ya waiwaya. Babu kowa. Sai sawu masu faɗi a jere a bayan nasa, kowanne cike da ruwa, a cikin kowanne 'yan mitsi-mitsin kifi na iyo.

Kulu ta rugo, ta ja ta tsaya. Ta dubi rigarsa. Ta dubi tsutsar da ke bin wuyansa. Ba ta toshe hanci ba. Da idonta ya sauka kan kwandon sai fuskarta ta sake, don ba saƙar mutanen gungu ba ce, da ciyawar ƙasan ruwa aka yi shi.

"Ka tofar," ta ce.

"Na tofar."

"Ta tambaye ka?"

"Ta tambaya."

"Me ka ce mata?"

Ya girgiza kai.

Mutane suka fara taruwa. Yara na ja da baya suna cewa tir. Aka buɗa wa kakar Kulu hanya, ta iso tana dogara sanda. Ta sa bakin sandar ta ɗaga ganyen bado. Karfasa ce cike da kwandon, rayayyu, masu tsabta, suna tsalle.

"Ta karɓi biya," in ji kakar. "Ku mai da su ruwa, har da kwandon. Kada wanda ya ɗauki ko ɗaya."

Ta juyo ga Nomau, ta daɗe tana dubansa.

"Tun da na yi wayo, baƙi uku suka tofar a hanyar nan. Biyu sun iso da rigarsu fes. Na farko baƙon ƙanwata ne. Washegari ta je wankin tukunya. Tukunyar muka samu." Ta numfasa. "Kai ka iso da ƙazanta. Me ka ba ta, ɗan nan?"

Nomau ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar kwalbar. Ya buɗe, ya kai hanci. Aikin kwana arba'in. Ya ja, ya sake ja. Babu wardi, babu almiski. Kamar ruwan randa ya buɗe. Abu ɗaya kawai yake ji, can nesa, siririn hayaƙin nan da ya riƙe.

Kulu ta gane tun kafin ya ɗago. Ta karɓi kwalbar daga hannunsa, hannun da ke yauƙi, ba ta goge ba. Ta sansana. Idonta ya kawo ruwa.

"Wardi ne ya fara fitowa," ta ce, ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji. "Sai sandal a bayansa. Almiskin ya zauna daidai wannan karon. Kanumfarin kuma ba ka ɓoye shi ba." Ta rufe kwalbar. "Daga yau ni zan riƙa gaya maka."

Malam Arzika yana tsaye a baya tun ɗazu. Sai yanzu ya yi gyaran murya.

"Ku kai masa ruwa ya yi wanka. Ku ba shi rigata. In ya gama ya shigo, a kan tabarmata zai zauna."

Haka Kawu ya gai da surukansa cikin rigar masunci. An ce rigar nan ƙarninta ya isa ya kori kyanwa. Shi bai sani ba.

Saude ta gyara zama. Fitila ta ɗan yi rawa.

"Shi ya sa Inna Kulu ke zama a shago ta haɗa turare, shi yana miƙo mata kwalabe," in ji Dije a hankali.

"Shi ya sa. Kuma ba ta bar banda ba har yau. Bai taɓa ce mata ta bari ba."

"Hancin bai dawo ba?"

"Shekara ashirin da shida. Tuwo ya ƙone, nama ya ruɓe, duk ɗaya. Abu guda yake ji, a masallaci, a mota, a cikin barci. Hayaƙin nan. Inna ta ce ta taɓa tambayarsa ko bai gaji da shi ba. Ya ce shi ya zaɓa."

Hajo ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. "Ita tsohuwar fa? Me ta yi da shi?"

Saude ta sunkuyo, muryarta ta koma raɗa.

"Matan gungu sun ce tun daga shekarar, in ruwa ya ja baya, in mutum ya bi hanyar da turare a jikinsa, yakan ji wani abu a gefen ruwa yana biye da shi. Ba ya magana. Sansanawa kawai yake. A hankali. Kamar mai koyo." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "In Allah ya kai ku tashar nan, ku jira mata, komai warin kwandonsu. Kada wadda ta taka hanyar ita kaɗai, ko da rana tsaka ce. Kuma duk abin da kuka shaƙa, kun san abin yi."

Babu wadda ta motsa. Daga ɗakin Kawu aka yi ɗan tari, aka juya a kan gado.

Hajo ta ji bakinta ya cika da yawu. Ta dubi ƙasar tsakar gida, busasshiya, gidan kakanta, nesa da kowane ruwa.

Ta haɗiye.